Manoman Japan da Aka Bari a Baya

Daren Laraba, unguwar Sa'alaba

Na dawo daga kasuwar Balad na tarar Umma tana kallon shirin tarihi, kan manoman Japan da gwamnatinsu ta zaunar a gonakin mutanen Sin. Da yaƙi ya juya, sojoji suka cika jiragen ƙasa, suka bar su. 'Ya'yan da aka haifa can aka ce su koma gida, ƙasar da ba su taɓa gani ba.

"Halas, shi ke nan, alhaki ne," in ji Umma. "Su ƙwace suka yi. Mu baƙin Allah ne, da ƙafa kakanki ya zo hajji, ya zauna nan ƙasa mai tsarki."

Gaskiyarta. Na zuba mata shayi. Ban gaya mata kafilinmu, Balaraben da muke zaune da sunan aiki a shagonsa, zai rufe shagon ba. In iƙama, takardar izinin zamanmu, ta faɗi, Kano za a tura mu. A hoto na san ta. An ce ana ruwa sosai.