Kwalbar Man da Baba Ya Kawo

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta ladabi, da fatan ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Umma da Auta suna lafiya. Baba ne dai sai a hankali.

Gwaggo, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sati biyar ke nan Baba bai sha maganin tarin fukarsa ba, kuma ni ce nake ɓoye ƙwayoyin. Suna cikin gwangwani, ƙarƙashin littattafan soyayyar nan da kike min tsiya a kansu. Kullum Umma ta tambaya, sai in sunkuyar da kai in ce ya sha.

Kin san aikinsa, kula da ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje. Ya ce ana sa musu wannan ciwon, sannan a dama magani cikin wani mai a ɗura musu. Wasu kuma man kawai ake ba su, don a kwatanta. To shi da yake share kejin, sai ya ga masu shan man zalla sun yi ɓulɓul, gashinsu har sheƙi yake. Ƙwayoyin asibiti suna sa shi amai, don haka kafin a ba shi hutu ya ɗebo man a kwalba. Cokali ɗaya kowace safiya, ni nake zubawa. Ya ce ni ce 'yar sirrinsa, na kuwa ji daɗi. A littattafaina, mai riƙe amana ita ce tauraruwa.

Shekaranjiya abokin aikinsa ya zo dubiya. Ina miƙa ruwa na ji yana cewa an farke cikin ɓerayen nan masu ƙiba, huhunsu duk ya lalace, ashe kyan ɗan maciji ne. Baba ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Da na wanke hankicinsa, ruwan ya yi ja.

Ke kaɗai Baba yake jin nauyinki, Gwaggo. Na san in ya ji na faɗa miki, zai daɗe bai kalle ni ba. Sau biyu na yaga irin wannan takarda. Ga direban maƙwabtanmu can yana ɗaure kaya zai tafi garinku, na riga na sa takalmi. Wannan kam zan miƙa masa. Don Allah ki zo.

Ki gaida Kawu da Yaya da 'yan biyu.

Taki,
Sarkin Kunya