Hannun da ke Riƙe da Cokali

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya, kai da kwamfutarka. Inna lafiya lau, sai kuka.

Gem ɗin da ka ƙirƙira a kan jinyar Baba ya iso mu. Maƙwabta sun cika mini shagon gyaran waya, kowa na miƙo tasa, wai in sa masa wasan ɗan marigayi. Ɗan marigayi! To ni ɗan wa ne? Wata bakwai ina juya Baba, ina wanke zanin gadonsa, kai kana jami'a kana turo gaisuwa. Yanzu har jarida ta ce ka sa manyan mutane hawaye da abin wasa. Ni da na koya wa kaina karatu, na cinye littattafan da ko bangonsu ba ka taɓa gani ba, shekara biyu ina son rubuta watannin nan. Shafi huɗu na yi, na yaga.

Inna ba ta iya dannawa. Matata ke buga mata, ita tana share ido tana sa maka albarka. Ni ban buga ba, kuma ba zan buga ba.

Yayanka,
Mai Gyara

Auta,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya aiki?

Na buga. Jiya da rana ba kowa, na ja ƙofar shago. Na kai wurin da ake ba tsohon cikin wasan abinci. Na danna, ya kau da kai. Na yi ta dannawa har yatsa ya yi zafi, na zage ka, na ajiye wayar a tebur. Can sai ya juyo ya buɗe baki.

Wa ya gaya maka? Baba ba ya ci in ana matsa masa, sai ka dakata ka yi kamar hankalinka na wani wuri. Na ɗauka ni kaɗai na sani. Ashe kwana ukun da ka zo hutu, kana tsaye bakin ƙofa kamar sanda, ni kake kallo.

Sai na lura da hannun da ke riƙe da cokalin a cikin wasan. Akwai tabon ƙunar ƙarfen da nake liƙa wayoyi da shi.

Har yanzu ina kishinka, ba zan ɓoye ba. Ka iya, na kasa. Amma tabon a hagu yake, ba dama ba, ka gyara. Abin da Baba ya faɗa mini ranar ƙarshe kuwa, kada ma ka tambaya. Na sayi sabon littafin rubutu.

Allah ya bar mu tare.

Yayanka,
Mai Gyara