Ƙofar da Nake Ɗaurewa da Waya

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Manoman Fadama ta garinmu, da dattawan kwamitinsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya Iya mahaifiyarka. Yaya damina, yaya jama'a? Allah ya ƙara girma.

Ni ne Sale, direban ƙaramar bas ɗin ƙungiya, mai kai mutane Haɗeja ranar kasuwa. Ranka ya daɗe, maganar da ke cikin wannan takarda ba baƙuwa ba ce a kunnenka. Na same ka a zaure na faɗa maka, na tare ka bayan sallar Juma'a na maimaita, har liman na roƙa ya sa baki. Kullum amsa ɗaya ce, za a duba. To ga shi damina ta yi nisa, kogi ya kawo, jiya na ga ruwa ya fara hawa kan kwalbati, ba a duba ba. Shi ya sa na rubuta a fili, don a karanta a taron ƙungiya, a kuma liƙa a tasha. Motar ta jama'a ce, rayukan da ke cikinta ma nasu ne, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Tsoro nake ji, Alhaji. Ni da na tuƙa babbar mota har Legas tun ina saurayi, yau ɗan tsakanin garinmu da Haɗeja ne yake hana ni cin tuwo.

Na farko, kada wani ya ce raki nake yi. Da ribar alkama aka sayi motar nan, a shekarun da gwamnati ta hana shigo da ta waje, kuma tun ran da ta zo tsohuwa ce, ta sha duniya a hannun wasu. Na karɓe ta a haka, na koyi halinta. In ta ƙi tashi da safe, na san raɓa ce ta jiƙa kwantak, sai in goge in busar. In tana tari a kan hanya, ko dai fulogi ya yi baƙi, ko datti ya shiga kafireto, sai in kwance in hura da bakina. Na sha fetur da yawa a aikin nan, ba don daɗinsa ba. In lagireto, tankin ruwan injin, yana yoyo, in zuba masa garin barkono ya riƙe har gida. Tankin mai da ya tsage da sabulu na liƙe shi. Kafin in shiga ruwan kwalbati nakan tsaya in cire fambel, don kada fanka ta watsa wa injin ruwa ya mutu a tsakiya, in na haye in mayar. Duk wannan ban taɓa kawo ƙararsa ba, don na san yadda kayan gyara suka yi tsada a zamanin nan. Irin wannan ciwon, in ya tashi, iyakarsa mota ta tsaya, fasinja su zage ni, mu tura.

Na biyu shi ne birki, kuma shi ba ya tsayar da mota, sakinta yake yi. A bazarar bara na fara jin ƙafata tana nutsewa in na taka. Na leƙa ƙasa na ga mai yana tsiyaya ta bayan tayar gaba ta hagu. Na kai wa Malam Garba bakanike a Haɗeja, ya kwance ya nuna mini robar da ke riƙe man ta cinye, bututun kuma ya yi tsatsa. Ya ce a sayo sabbi. Na zo na faɗa, aka ce a yi dabara tukuna. Dabarar ita ce, Malam Garba ya sa guduma ya daddale bututun ya toshe shi, ya ce wannan na kai mota gida ne kawai, kada in kwana biyu a haka, kuma kada in ce shi ya yi. Yau damina ta biyu ke nan. Tayar hagu ba ta kamawa sam, don haka duk lokacin da na taka birki sai motar ta fizge zuwa dama. Sai na riga ta, na karya sitiyari hagu kafin ƙafata ta sauka. Man birki kuma in ya ƙare a hanya, ruwan sabulu nake zubawa.

Ka san hanyarmu. Tudun jar ƙasa ne siriri, in kogi ya cika ruwa dama ruwa hagu, ga ciyawar kacalla ta rufe gefe, ba ka gane inda ƙasa ta ƙare. Dama ɗin da motar ke fizgewa in muna dawowa, nan ne ramin da aka ɗebi ƙasar hanyar, masunta sun ce gorar tuƙin kwalekwale ba ta taɓa ƙasansa.

Na uku, ƙofa. Wannan ita ce ke hana ni barci. Ƙofar fasinja, mai turawa, ƙarfen da take gudu a kai ya lanƙwashe, mariƙinta ya karye. Ranar da ta faɗo a tsakiyar kasuwa mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi. Aka ce in ɗaure ta kafin a kira mai walda. Tun daga ranar, in mota ta cika, ni nake ɗaga ƙofar in daidaita ta, in zura waya ta waje in murɗe tamau, sannan in zagaya in shiga mazaunina. Daga ciki babu mai iya buɗewa. Tagogi kuwa, tun da aka sace kujera a inda motar ke kwana, kwamiti ya sa aka yi musu ƙarafa kamar shagon mai gwal. A nan an samu mai walda da wuri. Ƙofar baya buhunan shinkafa da kwandunan banda ne ke danne da ita, ga igiya a kai. Wato duk wanda ya shiga motar nan, ba shi da mafita sai ta hannuna.

Na huɗu, abin da ya faru bara, wanda aka ba ka labari a taƙaice har ka ce ai Allah ya kiyaye. Haka ne, shi ya kiyaye. Amma ga yadda aka yi.

Muna dawowa daga kasuwa bayan la'asar, mota cike. Mun haye ruwan kwalbati, birki ya jiƙe, na mayar da fambel muka ɗan taɓa tafiya, sai ga shanu sun fito daga cikin kacalla sun hau hanya. Na taka, shiru. Na sake takawa, sai ya kama gaba ɗaya, motar ta fizge, tayoyin dama suka zame suka bar hanya. Ta kwanta a karkace, ƙofar fasinja tana ƙasa, ruwa ya fara shiga ta ƙarƙashinta. Na dira na zagaya, ruwa ya kawo mini ƙirji, ƙafata tana zamewa a laka. Na kama wayar nan da na murɗe da hannuna, ta ƙi. Nauyin mutane duka ya dawo kan ƙofar ya ɗame ta. Filaya tana cikin buhun kayan aiki, buhun yana ƙarƙashin kujera, a ciki. Na ja har farcena ya fita, ban ji ba sai daga baya.

Alhaji, na ji salatin mutane ta cikin ƙarfe, fuskata kusa da tasu, hannuwansu suna fitowa ta tsakanin ƙarafan taga suna kama rigata. Malama Rifkatu, ungozomar asibitinmu, ta ɗaga jaririn wata mata sama tana miƙa shi gaba hannu da hannu, tana kiran sunan Allah da yarensu. Can kujerar ƙarshe, a lungun dama inda ruwa ya fi taruwa, Hajiya Iya ce zaune. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗora ƙullin goronta a ka, ruwa ya kai mata ƙugu, tana kallona kawai. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Masunta ne suka jiyo, suka zo da kwalekwale. Suka tokare motar da gora, ɗayansu ya sa wuƙar gyaran kifi ya yi ta gurzar wayar har ta tsinke. Muka fito da mutane ɗaya bayan ɗaya, Hajiya ce ta ƙarshe. Da ƙasar gefen nan ta ƙara zaftarewa kaɗan, da yau ba takarda nake rubuta maka ba. Tun ranar filaya take rataye a wuyana da igiya, a ƙarƙashin riga. Abokaina a tasha suna tsokanata wai wane malami ne ya ba ni layar ƙarfe. Ina dariya tare da su, amma ko banɗaki ba na shiga ba tare da ita ba.

Na biyar, abin da kwamiti ya yi bayan haka. An kai mota Haɗeja, na yi murna na ce an ji. Ta dawo da sabon fenti kore shar, an rubuta sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe, an sa rediyo mai kaset. Har ƙofar an fente, an fente da wayarta. Bututun birki yana nan yadda guduma ta bar shi. Kyan ɗan maciji ke nan. Da na yi magana, sakataren ƙungiya ya ce in tsufa ya sa ni tsoro, in ajiye makulli, ƙanensa ya samu lasisi.

Ranka ya daɗe, na so in ajiye. Uwargidana ta yi kuka ta ce in koma gona, ba za mu rasa abin ci ba. Na ɗauki makullin har na iso ƙofar gidanka, sai na tsaya. Ƙanen sakatare mutumin kirki ne, amma a kan kwalta ya koyi mota, a mota mai lafiya. Hannunsa bai san ya karya hagu kafin ya taka ba, kuma wannan ba abin da ake koya wa mutum da baki ba ne, don ranar da shanu suka fito ba a tunani. Ni da na san halinta ma ga yadda ta yi da ni. In na tuƙa, ina tsoro. In na bari, tsoron ya fi. Gaba kura, baya sayaki. Haka na mayar da makullin aljihu na koma gida.

Saboda haka ina roƙo, don Allah don Annabi.

A sayo roba da bututun birki, a kai wa Malam Garba ya buɗe birkin tayar hagu. Ya ce aikin yini ɗaya ne.

A kira mai walda ya gyara ƙofa, ya sa mariƙin da ake buɗewa daga ciki. Shi ɗin dai ya yanke ƙarafan taga, ko da na taga biyu ne. In ɓarayi ake tsoro, zan riƙa kwana a cikin motar, na yarda. In kuɗi ne babu, a cire rediyon a sayar, ba mu da bukatar waƙa.

In duk wannan ba zai yiwu yanzu ba, a ajiye motar har ruwa ya janye, kuma kada a ba kowa makullin. Mutane su bi kwalekwale kamar yadda iyayenmu suka yi. Rigakafi ya fi magani.

Roƙona na ƙarshe kai kaɗai ya shafa, Alhaji, kuma ka gafarce ni in na wuce gona da iri. Jibi kasuwa. Hajiya Iya ta riga ta aiko a ajiye mata wurinta. Na sha roƙonta ta dawo gaba kusa da ni, ta ce ita ba amarya ba ce da za ta zauna gefen direba, lungunta ya fi mata, babu mai tsallake ta. Har yau ba ta faɗa maka yadda ruwan ya kai mata ba, ta ce kada a tayar maka da hankali. In kwamiti ya ce lallai mota ta fita a yadda take, to ka zo tasha da safe. In Hajiya ta shiga ta zauna, mota ta cika, zan ɗaga ƙofar in daidaita ta, in miƙa maka wayar. Kai za ka murɗe. In hannunka ya iya, zan shiga in tuƙa. Nawa hannun ya daina iyawa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon riƙe amanar jama'a. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya sa ta daɗe tana sa maka albarka. Allah ya raba mu da mummunan labari a wannan damina, ya mayar da kowa gidansa da ƙafarsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale Direba.