Gwaggo ake zargi, amma a moton mijina na tsinci baƙin tsumman

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, kun san Birni, in ka yi tari a lungunku sai a yi maka sannu daga ƙofar fada. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don kwana huɗu kawai suka rage mini.

Babana baduku ne, a zauren gidanmu yake ɗinkin fata tun kafin a haife ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina shekara shida, sai ƙanwarsa da muke kira Gwaggo ta tafi da ni Hamdara, ita ta riƙe ni har ranar da aka kai ni ɗakin miji. Gwaggo mai maganin gargajiya ce, ba irin masu lasifika a kasuwa da ƙulli ɗaya yake warkar da cuta arba'in ba. Ba ta karatu ba ta rubutu, amma tana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani a ƙauyen. Duk maganin da za a sha sai ta dangwala ta lasa a gabanka, sannan ta ƙulle shi a farin ƙyalle. Maganin shafawa kuwa ba ta kai shi baki, a baƙin tsumma take ƙulle shi. Tsumman nan shi ne ordinansinta, kamar takardar da likita ke rubuta yadda za a yi da magani, ni da na tashi a ɗakinta na san wannan tun ban san hannuna na dama ba.

Cikin magungunan baƙin tsumma akwai baurere, wasu suna ce masa gatarin kurege saboda saiwarsa a lanƙwashe take kamar ƙotar gatari. Da damina yake fitowa a cikin kurmi gefen fadama, ya riƙa kama rassan itatuwa da bakin ganyensa yana hawa, furensa ja da rawaya, wallahi in kin gan shi sai kin so ki soka a ɗankwali. Marin farko da Gwaggo ta taɓa yi mini a kansa ne, na tsinko furen ina wasa da shi kusa da baki. Ta ce wannan kyansa na ido ne, saiwarsa ana kwaɓawa da man kaɗanya a shafa wa gaɓa mai ciwo, amma in ta shiga ciki sai dai a nemi likkafani.

To daminar bana gwiwoyin Baba suka matsa masa, har sallah a zaune yake yi. Ya sha ƙwayoyin farmasi ya gaji, ya ce a karɓo masa na ƙanwarsa. Ni ina da goyo, Yayanmu babba yana wurin aiki, sai maigidana ya ce shi zai je a motonsa, wato babur ɗinsa. Na yi mamaki, don mutumin nan ko gishiri ka aike shi sai ya ce rana ta yi zafi, amma na ce ƙila Allah ne ya shirye shi. Gyaran salula yake yi, ɗan gari ne na gaske, bai san ƙauye ba sai in za a sayi ragon layya.

Ya dawo bayan la'asar ya miƙo mini garin magani a farar leda, ya ce Gwaggo ta ce a dama a kunu. A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na lura babu ƙyalle, na tambaye shi, ya ce ya yi datti a hanya ya yar. Ban ce masa wace kala ba. Tambaya ɗaya tak, ni da na fi kowa sanin muhimmancinta, jaririya tana kuka hankalina ya rabu biyu, ban yi ta ba. Da hannuna na dama kunun tsamiya, na ɗiba a bakin cokali na zuba, na kai wa Baba. Allah ya taimake mu Baba ba ya son ɗaci, ya kurɓi kaɗan ya ture kwanon.

Washegari da safe ya ce maƙogwaronsa na ƙuna, sai amai da gudawa ba tsayawa, kafin azahar ba ya iya ɗaga kai. Muka kwashe shi sai gidan likita, aka yi ta ɗaura masa sarum, ruwan nan da ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya. Majo, babban nas ɗin wurin, ya ce a kawo ragowar abin da ya sha, na juye ledar a faranti, sai ga ɗan guntun saiwa da bai daku ba ya faɗo, lanƙwasasshe. Wata tsohuwa mai jinya a gadon kusa ta leƙo ta yi salati, ta ce wa ya ba bawan Allah gatarin kurege ya sha. Ni ban buƙaci ta faɗa ba, na riga na gane shi. Kwana goma sha biyu Baba ya yi a kwance, ya tashi da ikon Allah, amma gashin kansa da gemunsa duk sun zube, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

Nan take dangi suka ɗora wa Gwaggo. Dama bara sun yi sa-in-sa da Baba kan iyakar gonar gado, har sun yi wata biyu ba sa gaisawa, sai Yaya ya ce ai ga amsar nan ta aiko a leda. Aka tambayi maigidana, ya ce shi abin da aka ba shi ya kawo, abin da aka faɗa masa ya faɗa. Ni ma har na fara jin haushinta, Allah ya yafe mini.

Ranar Talatar da ta wuce na je ɗauko makullin ɗaki a ƙarƙashin kujerar moton maigidana, sai hannuna ya taɓa tsumma. Baƙi ne, ya sha man inji, amma na gane shi, yankin tsohon zanen Gwaggo ne mai ɗigon shuɗi a baki, ni na sha wanke zanen nan a bakin rijiya. Har alamar ƙullin tana nan. Na zauna a ƙasa kusa da moton na daɗe.

Da na nuna masa, magana uku ya yi mini a zama ɗaya. Da farko ya ce wannan tsohon tsummansa ne, na goge moto. Da na faɗa masa zanen da aka yage shi, ya ce to shi bai lura da kala ba. Da na ce zan kira Yaya, sai ya sauke murya, ya ce sarƙar moto ce ta faɗi a hanya, bai da abin goge hannu, ya kwance ƙullin ya juye a leda, shi ina ya san tsumma yana magana. Batun kunu kuma ya ce shi dai haka kunnensa ya ji. Ya yi ta roƙona in rufa masa asiri, ya ce tsoro ne ya hana shi faɗa, in Yaya ya ji sai ya raba mu.

Jama'a da maganar ta tsaya nan da na ce wauta ce, don wauta kam Allah ya ba shi rabonsa. Amma akwai zauren Baba. Shekara biyu ke nan yana nacin a ba shi zauren ya mai da shi butiki, shagon sayar da salula, saboda yana kallon hanya. Karo na ƙarshe da ya aika a roƙa masa, Baba ya ce zauren nan sai bayan ransa. Kalmar nan ita take yi mini yawo a kai. Sannan maƙwabciyarmu ta ce lokacin da Baba ke kwance a likita ta ga mijina a zauren yana auna bango da igiya, na tambaye shi, ya ce ƙofa ce ta lalace zai sa a gyara. Ƙofar nan lafiyarta ƙalau, na je na duba. To amma kuma shi ya goya Baba a bayansa har bakin hanya ranar da abin ya faru, shi ya riƙa wanke masa jiki ba ƙyama, na ga hawaye a idonsa. Yanzu ban san ko hawayen tausayi ne, ko na tsoro, ko na wanda aikinsa bai kammala ba. Shekara tara muna tare bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma yau in ya miƙo mini shayi sai in faki idonsa in zubar a bayan randa. Ina jin kunyar kaina, kuma na kasa dainawa.

Shekaranjiya na ce za ni barka, na hau mota sai Hamdara. Na tarar da Gwaggo ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, gidan da da safe ba ka samun wurin aje ƙafa saboda mata masu neman magani. Labari ya riga ni zuwa, ba mai shiga, har matar da Gwaggo ta karɓi haihuwar 'ya'yanta biyar ta daina gaishe ta. Na fito da tsumman na aje a gabanta. Ta kalle shi, ba ta ko taɓa shi ba, ta ce sau uku ta faɗa wa mijina man kaɗanya, a shafa, kar ya kusanci baki, yana ta latsa salula yana cewa to Gwaggo, to Gwaggo. Na ce to me ya hana ki faɗa wa mutane. Ta ce, "'Yar nan, ni na ci zamanina. Ke 'ya'ya uku gare ki a gidan mijinki. Mai da abinki cikin zane." Na tambaye ta ko tana ganin da gangan ya yi, ta ce ita saiwa ta sani, ba ta san zuciyar mutum ba. Na yi kuka har na ba ta tausayi, ita da aka zalunta ita ke rarrashina.

Ranar Juma'a bayan masallaci za a yi zaman dangi a zauren Baba. Yaya ya ce Gwaggo ta zo ta dafa Alƙur'ani, in ta ƙi zai kai magana jandarma. Ita kuma ta ce mini za ta zo amma ba za ta dafa ba, don in ta rantse ta wanke kanta, wanda za a miƙa wa littafin bayanta mijina ne. Kun san kuma yadda mutanenmu ke ɗaukar wanda ya ƙi rantsuwa.

Tsumman yana cikin kwallata, ƙarƙashin kayan jariri. In na fito da shi Gwaggo ta wanku, amma Yaya ba zai taɓa yarda kuskure ne ba, aurena ya mutu, ƙila uban 'ya'yana ya kwana a hannun hukuma kan abin da wataƙila shirme ne kawai. In na yi shiru, matar da ta goye ni ta ƙare rayuwarta da sunan mai neman kashe ɗan'uwanta, ni kuma in ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ban san me ke ransa ba. Kuma duk yadda aka juya, za a tambayi wadda ta dama kunun, wadda ta san ƙa'idar tsumma ta ƙi tambaya.

Tun da aka sallamo Baba ba ya cin abincin kowa, ko ruwa matar Yaya ta kawo sai ya kau da kai. Kullum da safe ni nake kai masa kunu, ya karɓa ya ce, "Uwata, yanzu hannunki kaɗai na yarda da shi." Bai taɓa cewa in fara kurɓa ba.

Don Allah ku gaya mini, in fito da tsumman ranar Juma'a gaban kowa, ko in tilasta wa mijina ya faɗa da bakinsa, ko in fara zuwa in durƙusa gaban Baba ni kaɗai? Masu hankali a cikinku, wannan wauta ce ko niyya? Gobe da safe ma zan kai masa kunu, kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba.