Kwamfuta ta ƙi tashi a hannuna, an ce maita ce

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye min suna. Don Allah ku ba ni shawara.

Ina aiki a wani shagon kwamfuta a Gummi, inda yara ke gwajin jarrabawa. Akwai babbar kwamfuta guda ɗaya da ke riƙe da sauran, ni ke kunna ta da safe. Rannan na danna, sai baƙin allo da fararen rubutu, ta tsaya cak. Ƙanen maigidana mai shagon, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya alhali ko soket bai iya ɗaurawa ba, ya kashe ya sake kunnawa, ta tashi. Sai ya yi min wani irin kallo.

Washegari ma haka, in ni ce ta ƙi, in shi ne ta tashi. Maimakon ya ce bai sani ba, sai wannan holoƙo ya shiga gaya wa mutane wai wagga yarinya ba ta bar kanta haka ba, ƙarfe ma ya san ta. Wata mata ta zo ta janye ɗanta, wai tun da na dafa kansa yake zazzaɓi. Kun san in aka ce maita ba a kaina za ta tsaya ba, cewa za a yi a nono na sha, Inna ake nufi. Maƙwabta suka daina aiko yara gidanmu, samari suka fara tsayawa a bakin zaurenmu suna nuni. Na daina fita.

Sai maigida ya kawo mai gyara daga Gusau, aka kira ni. Ya ce injin nan ƙwaƙwalwa da yawa gare shi, ɗaya ke fara farkawa ta tashi sauran bi da bi. Sabon kanel da aka sa, wato manhajar da ke tashe su, shi ke da matsala, in injin ya kwana a kashe sai su yi rige-rige su cushe, in an sake kunnawa da ɗuminsa sai ya wuce. Wa ya sa sabon? Injiniya, wai afdet. Aka mayar da tsohon, washegari da safe na kunna a gaban kowa, ta tashi lafiya lau.

Bayan la'asar maigida ya zo har gida ya ce wa Inna a kwantar da hankali, babu mai taɓa ni. Shi kuwa Injiniya cewa ya yi wai wasa yake, ko kunya babu.

Inna ta ce in bar shi da Allah in koma aiki. Ni so nake a tsayar da shi gaban mai unguwa ya janye maganarsa da bakinsa, amma ina tsoron in tona, aikin ya tafi. Ku da kuka fi ni hankali, wanne zan yi?