Ni na kunna maɓallin fankar motar Baba da hannuna

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana, in aka gane ni a Maraɗi na shiga uku. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, yau kwana goma sha biyu abinci ma turawa kawai nake yi.

Ni mai gyaran wutar mota ne, shekara goma sha bakwai ina wannan sana'a, garejina yana Sabon Gari. Ban ce na fi kowa ba, amma ba a taɓa dawo mani da aiki ana zagi ba. Mahaifina kuma tsohon direba ne, shekara talatin yana jan manyan ma'aikata kafin ya yi ritaya, ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya sha wannan labari. Yanzu ya haura saba'in. Yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da yayana ya saya mashi, da ita yake zuwa garkarsa ta Jiratawa, da ita yake kai abokansa suna da ta'aziyya. In ka raba Baba da sitiyari, to ka gama da shi.

Daminar bara ruwa ya shiga ƙwaƙwalwar motar, akwatin nan da ke ba inji umarni, ta ƙone. Mun nema a Maraɗi, mun aika Katsina, wadda aka kawo ba ta yi daidai ba. Sai na yi abin da muka saba, na cire ta gaba ɗaya, na sa kaburato da dalko, ta koma irin motocin da. Inji ya tashi lafiya lau. To amma ƙwaƙwalwar nan ita ke kunna fankar lagireto in inji ya ɗau zafi, ita ke kuma ba kilim wuta, wato na'urar sanyaya cikin mota. In ka cire ta dole ka ja ma biyun sabuwar waya, in ba haka ba fanka ba za ta juya ba ko da inji zai narke.

Na so in sa 'yar na'urar nan mai jin zafin ruwa, ta riƙa tada fanka da kanta. Baba ya ce a'a, kayan yanzu ba su da amana, rana ɗaya za ta mutu ba sallama. Na ce to in haɗa ta da makulli, da an murɗa ta tashi. Ya ce wannan aikin ragwaye ne, yana cin batir, yana kashe fanka. Shi maɓalli yake so a gabansa, ya kunna da hannunsa in ya ga allurar zafi ta hau, don tun kafin a haife ni idonsa ke kan allura. Haka na yi. Maɓalli biyu na sa, ja na fanka, baƙi na kilim, kowane da fis ɗinsa, aiki tsaf. Na ce mashi kar a kunna baƙi sai an kunna ja, don kilim yana ƙara ma inji zafi, ya yi mani wani kallo da ya sa na ja bakina.

Ga laifina na farko. A lokacin na riga na san Baba ya fara mantuwa. Ya taɓa zuwa masallacin Juma'a da mota ya dawo da ƙafa. Ya taɓa wuce kwanar Jiratawa, hanyar da ya fi shekara ashirin yana bi, ya ce wai yana duba gyaran da aka yi ma titi ne. Innarmu takan ce gajiya ce, mu kuma mu ce haka ne. Ina da hannu, ina da waya, da na ɓoye na'urar nan a bayan lagireto ba zai taɓa sani ba. Amma sai na ga kamar yaudarar uba ce, kuma bakina ya kasa furta, Baba kana mantuwa.

Ranar da abin ya faru ya ɗauki abokansa uku zuwa ta'aziyya Tibiri, da tsakar rana. Aka kira ni aka ce mota ta tsaya tana hayaƙi. Na hau kabu-kabu na tafi. Na iske ta a bakin gari, kapo, murfin inji, a buɗe, ruwa da baƙin mai sun haɗe sun zama kamar kunu, inji ya tafi. Mutane sun taru, Baba yana tsakiyarsu yana ba su labarin shekara talatin ba haɗari. Na leƙa ciki. Baƙi a kunne, ja a kashe.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba, yatsana ne kawai ya danna jan. Da na fito sai na tuna in wani ya murɗa makulli fanka za ta juya, a gane waya lafiyarta lau, a fara tambaya. Sai na duƙa kamar ina dubawa, na zare waya ɗaya daga mazauninta. Ni, da na yi aikin da hannuna. Can sai ga yayana a motarsa, ya leƙa ya ga maɓalli biyu duk a kunne, ya murɗa makulli fanka shiru. A gaban dattawan nan ya wanke ni tas, ya ce shekara goma sha bakwai ina cutar mutane, yau na ƙare a kan ubana. Na ce kuskurena ne, a yi haƙuri. Ni da ko kwastoma ya ɗaga mani murya sai mun yi, ranar ni ne mai ba da haƙuri.

Labari ya riga ni isa Sabon Gari. Motoci biyu da ke garejina masu su sun zo sun kwashe. Abokan sana'a in na wuce sai su ce a ɓoye makullai ga mai ƙona inji. Wannan duk zan iya haɗiyewa, ni na jawo ma kaina. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Yaya ya samo wani inji, ya kai motar wurin wani mai wayarin a unguwar Zariya, shi kuma ya ga wayar da na zare ya nuna ma kowa. Baba ya je ya zauna mashi a kai har sai da ya maida maɓallan nan biyu yadda suke. Ranar Asabar za a fito da ita, kuma Baba ya ce ran Lahadi zai kwashi Inna da jikoki su je Jiratawa cin mangwaro. Ni yanzu ba inji nake tsoro ba. Wanda ya manta fanka yau, gobe mi zai manta a kan titin da manyan motoci ke gudu?

Na je wurin Inna na gaya mata gaskiya. Ta yi kuka, ta ce ta fi ni sani, amma in na kuskura na sa aka ce mijinta ya ruɗe ba ta yafe mani ba. Na gwada ma Yaya, ko rabi ban kai ba ya tare ni, ya ce na ƙona mota yanzu kuma ina so in ƙona mutuncin tsoho don in wanke kaina. Ina shaidata? Ni na goge ta da yatsana. Mai wayarin na Zariya kuma da na roƙe shi ya ɓoye na'urar, dariya ya yi, ya ce in fara koyon ɗaure waya tukuna.

Jiya bayan la'asar na je gida na iske Baba shi kaɗai a zaure. Na zauna, na ce a raina yau ko mi za a yi sai na faɗa. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna, ya kira ni da sunan Yaya, ya ce:

"Ka bar matsa ma ƙanenka a kan motar nan. Yaron kirki ne, hannunsa ne bai faɗa ba tukuna. Ka ce mashi ni na yafe mashi, ya bar gudun gida."

Ina zaune a gabansa, yana kallon fuskata. Na ce to Baba, zan gaya mashi. Na fito waje na jingina da bango na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro.

'Yan uwa, ya zan yi? In na tara dangi na faɗa, ba mai yarda da ni, in ma sun yarda na tona asirin ubana, na ƙwace mashi abu ɗaya da ya rage yana alfahari da shi, ga fushin uwa a kaina. In na yi shiru, Lahadi saura kwana huɗu, kuma 'ya'yana biyu suna cikin jikokin da za a ɗauka. In hana nawa zuwa in bar na Yaya su shiga? Don Allah wanda ya taɓa karɓe makulli daga hannun mahaifinsa ya gaya mani da wane baki ya yi, don ni na duba ta ko'ina ban ga hanya ba.