Baba Direba Ya Riga Mu, Motar Asibiti Tana Nan

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyalai Masu Jinyar Ciwon Mantuwa Na Gado ta samu labarin rasuwar Shugabanta na farko kuma Uban Ƙungiya, Mai Girma Alhaji Baba Direba, wanda Allah Ya karɓi ransa a ɗakinsa bayan doguwar jinyar da ta raba shi da sunayen 'ya'yansa tun kafin ta raba shi da numfashi.

Marigayin ya gane abin da ke tafe ne ranar da ya taka birki da mota cike da fasinja a mararrabar da ya yi shekaru yana bi, ya rasa ko dama zai yi ko hagu. Haka mahaifinsa ya fara, haka yayarsa. Dangi sun so a rufe maganar, shi kuwa ya kai kansa ga likitocin da ke binciken yadda gado ke sa ƙwayoyin da ke yi wa ƙwaƙwalwa hidima su tayar da kumburi, har su lalata abin da aka halicce su domin su kare. Shi ya fara naɗe hannun riga aka ɗebi jininsa, kuma a motarsa yake kwasar 'yan uwa zuwa asibiti, yana yi wa manyan maza tsiya kan tsoron allura.

Da yawanmu a bakinsa muka fahimci ciwon. Yakan ce, "A cikin kai akwai direbobi, akwai yaran mota masu shara da zuba ruwa. Namu yaran mun gaje su da zafin kai, inji na ɗaukar zafi sai su sheƙa masa fetur."

Ƙungiya ba za ta kau da kai daga surutan da ake yi a bayan rumfar makoki ba, wai ɗibar jini ce ta gaggauta ajalinsa, wai gidan nasu gidan hauka ne. Maganar ta ƙona mana rai, domin masu yin ta ko ruwa ba su taɓa miƙa wa majinyacin ba, ga shi har wasu daga dangi sun fara cewa za su janye daga binciken. Idan suka janye, aikin ya tsaya. Likitoci ba su taɓa yi masa alkawarin magani ba, shi da kansa ya ce ya makara, jikokinsa yake yi wa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Hajiya, wadda ta yi ta ba shi abinci a baki yana tambayarta ko ita wace ce, da 'ya'yansa da jikokinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Ranar asibiti motar za ta tsaya a ƙofar gida kamar kullum, babbar 'yar marigayin ce za ta tuƙa. Muna roƙon dangi su fito. A wajen zaman makoki, ƙanen marigayin, Kawu Makaniki, wanda da hannunsa ya kama makarar yayan nasa, ya riƙe hannun mai wannan sanarwa ya tambaye shi ko Yaya ya dawo daga tasha.

Sa hannu:
Malam Lasifika,
Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu.